Har Yanzu Kore Ne a Dirkou

Laraba, da hantsi

Ayarin Dirkou ya shigo jiya da yamma. Na tsaya a ƙofar biro ina kallon motoci suna shiga tasha ɗaya bayan ɗaya, kamar mai kallon abin da bai shafe ta ba. Shuɗin kamiyon nan mai tsagaggen gilashi ba ya cikinsu.

Ba komai ba ne. Mota takan makara. Tun da na bar koyarwa a makarantar lise na kama aikin biron ƙungiyar direbobi, na faɗa wa mata da yawa wannan maganar, kuma yawanci gaskiya nake faɗa musu.

Na buɗe Rakiya a salula, aplikasiyon da wasu matasa biyu suka yi wa ƙungiyarmu. Direba in ya isa gari mai rezo, inda salula ke kamawa, sai ya danna "na iso", ɗigon motarsa ya yi kore. In zai bar garin ya danna "na tashi". Na Inna, direban shuɗin kamiyon, ya danna "na tashi" a Dirkou tun wancan makon. Ɗigon na nan inda ya bar shi, kore shar, kamar yana zaune a inuwar dabino yana shan shayi.

Laraba, bayan la'asar

Habsatu matarsa ta zo da goyo a baya. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Mama, ba labari?"

Na ce, "Labarin wa?"

Ta dube ni kamar na mare ta. Na miƙa mata ruwa, na ce ta koma gida rana ta yi zafi ga jinjiri.

Na karanta littattafan da suka cika kwali-kwali a ɗakina. Na koyar da ƴaƴan mutane yadda ake gardama da marubutan da suka mutu. Amma bakina bai taɓa kama sunan ɗan fari ba, kuma ga shi hannuna ma ya ƙi. Inna mahaifiyata ce ta goya shi, Allah ya jiƙanta, shi ya sa nake ce masa Na Inna. Shi kuma Madam yake ce mini, kamar kowa a tasha. Haka muka iske, haka muke yi, kuma bai taɓa hana kowa barci ba.

Alhamis, bayan azahar

Na hau kabu-kabu na je wurin masu Rakiya. Ɗaki ɗaya ne a saman wani shago kusa da tsohuwar kasuwa, tagarsa tana duban hasumiyar masallaci. Zaharaddin, ɗan Damagaram, shi ke rubuta abin. Ba ya ɗaga kai daga ordinater, kwamfutarsa, sai in an ɗauke wuta. Nafisa, ƴar Maraɗi, ita ke karɓar buƙatun mutane ta ce wacce za a fara.

Tana da bango. An raba shi gida uku: "yanzu", "gaba", "wata rana". Kowace buƙata ƴar takarda ce mai launi, a manne. Mutane suna jefa ƙuri'a ta cikin aplikasiyo, wadda ta fi ƙuri'a ta hau sama.

A "yanzu" akwai ta Alhaji Tanko, babban ɗan kasuwar da ke biya musu kuɗin sarber, na'urar da ke riƙe da aplikasiyon: yana so a riƙa sa hoton kaya. Ƙarƙashinta, samari suna so fuskar aplikasiyo ta koma baƙa, wai fara tana damun idonsu. Tawa tana can ƙasa a "wata rana", gefenta ya fara naɗewa. Tun kafin babbar salla na kai ta: in mota ta tashi ba ta isa gari na gaba a kan lokaci ba, ɗigon ya koma ja, a sanar da duk wanda ke kusa.

Na ce, "Masu jefa ƙuri'a su ne masu rezo. Mai rezo kuma ba shi ke ɓata ba."

Zaharaddin ya ɗago. Ya ce, "Tanti, rezon Dirkou yana faɗuwa kwana da kwanaki. In na sa ja duk lokacin da aka yi shiru, mako ɗaya za a yi duk motoci su yi ja. Mutane su ƙona gazuwal suna neman wanda ke kwance a ɗakinsa. Daga nan ba wanda zai ƙara yarda da ja."

Ba maganar banza ba ce. Abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan.

Na ce to a duba inda salularsa take. Ya tuna mini direbobi da kansu suka ce kada a bi sawunsu, ba su son kowa ya san inda suke tsakanin gari da gari. Ni na rubuta sakamakon taron da hannuna.

Nafisa tana da tambayoyi uku da take yi wa kowa. Don wa? Mutum nawa? In ba a yi ba me zai faru? Na ce don direbobi. Na ce ban ƙidaya ba. Na ce za a samu jinkiri wajen neman wata mota da ta makara.

Ta ce, "C'est noté, Tanti. An rubuta."

Juma'a, da safe

Kore.

Asabar, da hantsi

Chaibou, shugaban direbobi, ya je wurin jandarmomi. Sun rubuta su ma. Ya bugo wa mutanensa na Dirkou. Ɗaya ya rantse ya ga motar ta yi arewa wajen Séguédine. Wani ya rantse ta yi yamma, hanyar gida, kafin ayari. A guruf ɗin direbobi kuwa kowa ya zama bokan hamadar Tenere, murya bayan murya, na saurara har kunnena ya gaji.

Chaibou bai ce mini komai a kan Na Inna ba. Ya tsaya a bakin tebur yana juya rawani, ya ce, "Madam, shuɗiyar nan tana da ganga biyu na ruwa."

Na ce na sani.

Na san yadda aka cika su. Ina tsaye a taga.

Lahadi, bayan la'asar

Na wanke labule. Ba su yi dauɗa ba.

Litinin, da yamma

Ayari ya tashi. Chaibou ya bi direbobi ɗaya-ɗaya ya ce su buɗe ido hagu da dama har Dirkou. Na buga musu takardun hanya, ban yi kuskure ko ɗaya ba.

Habsatu ta yi kuka a tsakiyar tasha, mata suka kewaye ta. Ita tana da izini. Na duba zuciyata ko ina jin haushinta, sai na iske hassada ce. Mace mai furfura tana hassadar surukarta a kan kuka.

Talata, da safe

Rakiya ta ce in yi mizajur, wato in sabunta ta. Na yi, ina sa rai kamar wawiya.

Hotuna ne. Katifun Alhaji Tanko, buhunan dabino, wani ya sa hoton ragonsa. Kuma yanzu ana iya mayar da fuskar baƙa. Na gwada. A kan baƙi koren ya fi haske.

Talata, bayan azahar

Na yi tunanin bangon nan. Ban ga mugunta a cikinsa ba. Mutum biyu ne, hannu huɗu, garin nan kuma kowa yana da abin da yake so. Dole wani ya jira. Na yi aji mai ɗalibai fiye da kujeru, na san yadda ake yi: wanda ya ɗaga hannu shi ake kira, na bayan aji da ya yi shiru sai ranar jarrabawa a gane ya nutse. Na san wannan. Sanin bai rage mini komai ba.

Alhamis, da hantsi

Ayari ya isa Dirkou. Ba su ga komai a hanya ba, ko taya.

Chaibou ya samu ƙaramar mota mai ƙarfi da mutum biyu da suka san rairayi. Ya ce, "Gazuwal ɗin hanya ɗaya gare mu, Madam. In na yi arewa alhali yana kudu, ba zan iya komawa in sake ba. Ba na tashi sai na san inda zan sa gaba."

Na ce daidai ne. Na gyara masa wani kuskure a takardar neman izini.

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Ke dai Allah ya yi ki."

Ban tambaye shi me yake nufi ba.

Alhamis, bayan magariba

Ganga biyu. Mutum biyu, shi da mataimakinsa. Rana ta kaka ba ta kai ta bazara ba. Ba zan yi lissafin nan ba.

Na yi.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Zan rubuta shi yadda ya faru.

Na koma ɗakin nan na sama. Hotunan Alhaji Tanko sun lalace, katifa tana fitowa a kife, sun yi masa alkawarin gyarawa kafin yamma. Zaharaddin bai ma amsa gaisuwa ba. Na ce da Nafisa na zo a kan takardata.

Ta ce, "Tana nan, Tanti, ba mu manta ba." Sai ta sake tambayarta ta uku, don ɗabi'a kawai. In ba a yi ba me zai faru?

Na ce, "Ruwan zai ƙare. Ganga ta biyu tana yoyo a ƙasa, na ce masa ya canza ta, ya ce in ya dawo. Ba ya cin abinci in yana tuƙi, shayi kawai da dabino, tun yana ƙarami haka yake, sai an bi shi da kwano."

Na ji abin da na faɗa bayan ya fita daga bakina.

Nafisa ta aje alƙalamin da ke hannunta. Ta ce, "Tanti, mene ne shi a wurinki?"

Na ce, "Na Innata ne."

"Ƙanenki?"

"A'a."

Nafisa ma tana da yaya, kuma na tabbata ba ta taɓa jin sunansa a bakin uwarsu ba. Ta miƙe ta je bango, ta ɓamɓare takardata daga ƙasa.

Nan ne wutar ta kama ni. Na ce, "Au! Sai yanzu? Da ɗan wata ne fa? Da ɗan mai sayar da ƙosai ne, sai ya bushe a rairayi kuna gyaran katifa?"

Ba ta ji tsoro ba, na ba ta wannan. Ta ce, "Da ɗan wata ne, Tanti, da tun ran farko kin ɓalle mana ƙofa. Ran da buton Rakiya ya ƙi dannuwa kin hau nan kin kira mu jakuna masu diplom, a ranar muka gyara. Wannan kuwa kin faɗe shi a hankali, kamar mai tambayar farashin albasa. Ba mu san tasha ba, ba mu san hanya ba. Da muryarki muke auna nauyin abu. Muka auna, muka ga bai yi nauyi ba."

Na juya wajen Zaharaddin.

Zaharaddin ya ce abin da na nema, in za a yi shi da kyau, aikin makonni ne. Nafisa ta ce ba duka take so ba. Ta ce, "Manta da ja. Manta da lissafin lokaci. Saƙo ɗaya zuwa kowace salula da ke da Rakiya, daga nan har yankin Kawar, direba ko ɗan kasuwa. Yau." Ya ce in haka ne sai ya aje hotuna. Ta bugo wa Alhaji Tanko a gabana. Na ji muryarsa yana faɗa, sannan ta yi masa wata magana ƙasa-ƙasa, sannan na ji ya ce, "Katifa ba ta jin ƙishi. Ku yi."

Na rubuta musu lambar motar. Nafisa ta girgiza kai. Ta ce rabin mutanen can ba sa karanta saƙo, sai murya, kuma ba wanda ke riƙe lambar mota a ka. Mutum suke riƙewa. Wane ne, ɗan wa ne.

Na ce a kira Habsatu. Ta ce, "Ba wanda ya san muryar Habsatu. Taki kuwa ba direban da ba ta taɓa zaginsa ba."

Ta miƙo mini salula. Zaharaddin ya tashi ya fita, wai zai sayo ruwa. Yaron yana da tarbiyya.

Na farko ban ce komai ba, numfashi kawai aka ɗauka. Na biyu na ce "wani direba". Nafisa ta goge ba ta dube ni ba. Na uku na dubi hasumiya ta taga na ce:

"Salamu alaikum. Ni ce Kadidia ta biron direbobin Agadez. Ina neman ɗana. Sunansa Lukumanu. Yana tuƙa shuɗin kamiyo mai tsagaggen gilashi, ya bar Dirkou bai iso ba. Duk wanda ya ga inda ya bi, don Allah ya faɗa mini."

Rufin bai faɗo ba. Inna ba ta taso daga kabari ba. Sunan dai ya yi mini baƙo a baki, kamar sabon haƙori.

Kafin la'asar sakaliya ya tafi.

Asabar, da safe

Tasha duka ta ji. Ba wanda ya dube ni a ido. Mai shayi ya kawo mini kofi ya ƙi karɓar komai, na ce masa ban mutu ba tukuna.

Asabar, bayan azahar

Amsoshi sun yi ta zuwa, yawanci addu'a. Wani ya tambaya ko ta nan ake sa hoton kaya.

Sai wata murya daga Bilma. Idrissa, wakilin Alhaji Tanko a can, ba direba ba ne, ba ya cikin guruf ɗin kowa. Ya ce shi da kansa ya loda wa shuɗin kamiyo kantun gishiri, don direban ya ce ba zai koma gida wayam ba. Ya ce ya ga sun ɗauki hanyar Fachi.

Hanyar Fachi, da kamiyo mai nauyin gishiri, shi kaɗai. In Allah ya sa yana da rai zan kashe shi.

Chaibou ya tashi kafin in gama saurare karo na biyu.

Lahadi

Kore.

Litinin, da hantsi

Habsatu ta kwana a gidana. Da safe na karɓi jinjirin na goya shi, na yi shara da shi a baya. Kunnuwan uban ne.

Talata, bayan la'asar

Chaibou ya kira ta turaya, wayar tauraron ɗan Adam, muryar tana yankewa. "Madam... mun same su... gabas da Fachi... aksal ya karye... suna magana."

Na ce, "Su biyun?"

Ya ce su biyun.

Na ce to madalla, ya kula da gazuwal a dawowa. Na kashe. Na shiga bayan biro inda muke aje tsofaffin tayoyi, na rufe ƙofa. Abin da na yi a can ba na littafi ba ne.

Alhamis, bayan azahar

Na je na yi wa yaran godiya, na kai musu cuku da dabino. Hotuna sun miƙe. Na dubi bango: an tsaga takardata biyu. Rabi yana wurin abin da aka gama. Ɗaya rabin, na jan ɗigo, yana "gaba". Ba "yanzu" ba.

Nafisa ta ce suna so su zauna da Chaibou ya faɗa musu kowace hanya kwana nawa take ci kafin a fara tsoro, kada su yi ja na ƙarya. Ta ce kuma daga yau duk buƙatar da ta taɓa rai ba ta shiga ƙuri'a. Na ce sai da aka kusa binne mutum kuka gano haka? Zaharaddin ya yi dariya ya ce, "Yauwa, Tanti ta warke."

Zan koma mako mai zuwa. Da murya.

Asabar, da yamma

Sun shigo. Motar tana can, sai an kai mata ƙarfe. Na Inna ya rame, leɓensa duk ya tsattsage, yana tafiya kamar tsoho. Sai da ya gama da Habsatu da ƴan tasha sannan ya zo ƙofar biro ya cire takalmi.

Na ce, "An iso?"

Ya ce, "An iso, Madam."

Na ce hanyar Fachi ta raƙuma ce, kuma raƙumi ya fi wasu hankali. Ya ce gaskiya ne. Na ce gangar nan fa? Ya ce ta yi yoyo. Ya ciro salula ya danna a gabana, ɗigon ya bar Dirkou ya dawo gida.

Yana nan tsaye sai salular ta yi ƙara a hannunsa. Ba kiɗa ba ne. Muryata ce, a tsakiyar biro, gaban Chaibou da kowa: "Ina neman ɗana. Sunansa Lukumanu." Chaibou ne ya tura masa tun a rairayi, shi kuma ya mayar da ita ƙarar kira. Na hango Habsatu a bakin ƙofa da tata salular a kunne, ita ce ke kiransa, tana rufe baki da mayafi.

Bai ɗauka ba. Ya bar ta ta kai ƙarshe, kansa a ƙasa.

Na ce, "Ka cire wannan abin yanzun nan."

Ya share ido da gefen rawani. Ya ce, "C'est noté, Madam. An rubuta."